Karanta Ganye Kafin a Sayi Taki: Alamomin Yunwar Tsiro a Gona da cikin Dusar Kwakwa

Gabatarwa

Daga Bebeji zuwa Kiru, a wuce Tudun Wada har a gangara Doguwa, ruwan sama yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutum ya nausa kudu, shi ya sa wannan yanki ya zama rumbun masara da shinkafa na Jihar Kano. Madatsar ruwa ta Tiga kuma, wadda aka kammala a shekarar 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, ita ce ke shayar da filayen Kadawa da Kura inda ake noman tumatir da rani. Amma duk da wannan ni'ima, ƙasar yankin ba mai ƙarfi ba ce. Ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kaɗan ne, irin yumɓun da take da shi kuma ba ya riƙe abincin tsiro sosai, ga shi ana nomanta kowace shekara ba hutu, a kwashe kara da harawa a kai gida. Saboda haka noma a nan ya dogara ne a kan taki.

Taki kuwa ya yi tsada. Buhun da aka sayar Naira 5,500 a ƙarƙashin shirin takin Gwamnatin Tarayya a shekarar 2017, yanzu kuɗinsa ya ninka haka sau da yawa. Manomin da ya ga masararsa ta yi rawaya, ya ranto kuɗi ya sayi buhun yuriya alhali ba abin da ke damun shukar ke nan ba, ya yi asara biyu: ta kuɗi da ta damina. Wannan darasi zai bayyana yadda ake gane abin da tsiro ya rasa ta hanyar duban ganyensa, da farko a gona, sa'annan a cikin dusar ɓawon kwakwa wadda masu renon irin tumatir da tattasai suka fara amfani da ita a madadin ƙasa.

Abin da tsiro ke ci

Masana sun tabbatar da sinadarai 17 waɗanda tsiro ba ya iya kammala rayuwarsa in babu su. Uku daga ciki, wato kabon da haidirojin da iskar oksijin, daga iska da ruwa yake samunsu. Sauran 14 kuwa saiwa ce ke tsotso su. Akwai waɗanda ake bukata da yawa: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, maganiziyam da salfa. Akwai kuma waɗanda ɗan ƙanƙani ya isa, kamar ƙarfe da zinki da boron, amma rashin wannan ɗan ƙanƙanin yana iya kassara gona guda. Wasu masana biyu na Amurka, Arnon da Stout, su ne suka shimfiɗa sharuɗɗan kiran sinadari wajibi a shekarar 1939, na ƙarshen shiga jerin kuma shi ne nikel, a 1987.

Tun a ƙarni na 19 Bajamushen nan Carl Sprengel, da Justus von Liebig a bayansa, suka nuna cewa amfanin gona ba ya bin jimillar abincin da ke cikin ƙasa, yana bin wanda ya fi ƙaranci ne. A ɗauki tulu mai huda a wurare da dama. Komai yawan ruwan da aka zuba masa, ba zai wuce hudar da ta fi kusa da gindi ba. Idan fosfaras ce hudar ƙasa, ƙara yuriya tamkar ƙara ruwa ne a wannan tulun.

Tambaya ta farko: wane ganye ne ya fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Dalilinta yana cikin ginin tsiron kansa. Tsiro yana da hanyoyin jigila iri biyu. Ta farko tana ɗauko ruwa da sinadarai daga saiwa zuwa sama kawai, ba ta komawa. Ta biyu tana rarraba sukarin da ganye ya sarrafa zuwa duk inda ake bukata, kuma tana iya ɗaukar wasu sinadarai tare da shi. Naitirojin da fosfaras da fotashiyam da maganiziyam suna bin wannan hanya ta biyu. Idan suka yi ƙaranci, sai tsiro ya kwashe su daga tsofaffin ganyaye ya kai wa sababbi, kamar yadda uwa kan rage cikinta don yaro ya ƙoshi. Domin haka alamar rashinsu a ganyayen ƙasa take fara bayyana. Kalsiyam da boron da ƙarfe kuwa, inda suka sauka nan suke zama. Salfa da zinki ma ba sa motsi sosai. Rashin waɗannan a sabon ganye da kan tsiro ake ganinsa.

Da wannan ƙa'ida guda ɗaya an raba matsalar gida biyu. Sai a dubi siffar canjin.

A masara, rashin naitirojin yana farawa daga tsinin ganyen ƙasa, rawayar ta bi jijiyar tsakiya tana tsukewa kamar bakin mashi, gefen ganyen yana nan kore. Rashin fotashiyam akasin haka ne: gefuna ne ke ƙonewa kamar an bi su da wuta, tsakiya ta saura kore. Wanda ya riƙe wannan bambanci kaɗai ya ci ribar karatun nan. Rashin maganiziyam yana fitar da zane-zane masu rawaya a tsakanin jijiyoyin tsohon ganye, domin ƙwayar maganiziyam ce ke zaune a tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore, kewaye da ƙwayoyin naitirojin huɗu. Rashin fosfaras ba ya kawo rawaya. Yabanya takan tsumbure, ganyenta ya yi duhu, gefensa ya rine ya koma shunayya.

Idan kuwa sabon ganye ne ya kwaɗe gaba ɗaya alhali na ƙasa suna kore, a zargi salfa. Wannan matsala tana da tarihi. Takin sufa da iyayenmu suka saba zuba wa gyaɗa yana ɗauke da salfa wajen kashi 12 cikin ɗari, ana samunta ke nan ba tare da an nema ba. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, babu salfa ko kaɗan. Manomin da ya ɗauki kwaɗewar salfa a matsayin yunwar naitirojin zai ƙara yuriya, ba kuwa zai ga canji ba. Zinki kuma yana fitar da faffaɗan farin zane a kowane gefe na jijiyar tsakiya a sabon ganyen masara. A shinkafar fadama yakan fito da tabo masu launin tsatsa makonni biyu zuwa huɗu bayan dashe, musamman a inda aka baje fili aka kwashe ƙasar sama. Wani masani ɗan ƙasar Indiya, Y. L. Nene, shi ya gano a shekarun 1960 cewa wata cutar shinkafa da manoman can suka daɗe suna kuka da ita ba komai ba ce illa rashin zinki.

Masu kwaikwayon yunwa

Ba kowace rawaya ce yunwa ba. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana tsotson saiwar masara da dawa tun bai fito sarari ba, shukar ta tsumbure kamar ba ta ga taki ba. Cutar zanen masara da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa tana kama da rashin maganiziyam, sai dai zanenta a gutsuttsure yake, kuma takan kama wannan ta tsallake waccan, alhali yunwa takan kama yanki guda na gona bisa yanayin ƙasarsa, kamar jigawa ko inda ruwa ya zaizaye. Kwanciyar ruwa ma tana hana saiwa numfashi, tsiro ya yi rawaya ga taki a gindinsa. Sanyin hunturu kuma yana sa ganyen dashen tumatir ya yi shunayya, saboda saiwa mai sanyi ba ta iya jan fosfaras ko da akwai ta. Saboda haka kafin a yanke hukunci, a tumɓuke tsiro ɗaya a dubi saiwarsa, a juya bayan ganye a nemi ƙwari.

Tsiro a cikin dusar kwakwa

Noma ba tare da ƙasa ba ba sabon abu ba ne a wurin masana. Tun wajen 1860 Sachs da Knop suka reni tsirrai a ruwan sinadarai a Jamus. Abin da yake sabo a wurinmu shi ne isowar dusar ɓawon kwakwa, wadda 'yan kasuwa ke kira kokofit, da akasari ake shigowa da ita daga Indiya da Sirilanka a matse kamar bulo. Bulo mai kilo 5 idan ya sha ruwa yakan kumbura ya kai kimanin lita 70. Ana cika farantai masu ramuka da ita a reni iri, ko a zuba ta a jakunkuna a cikin rumfar leda. Tana riƙe ruwa da iska tare, ba ta da irin ciyawa, kuma dashe yakan fita da saiwarsa cikakkiya.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa dusar nan ba ƙasa ba ce. Ƙasa tana da ajiya, tana yafe kuskure. Dusa kuwa kusan ba ta da abinci nata, abin da aka narka a ruwan ban-ruwa shi ne kaɗai abincin tsiro, kuskuren yau kuma kafin mako ya zagayo ya fito a ganye.

Babbar matsalarta ita ce wannan. Kwakwa bishiyar bakin teku ce, ɓawonta cike yake da fotashiyam da gishirin sodiyam, waɗanda ke manne a jikin zarurrukan dusar. Kalsiyam da maganiziyam sun fi su ƙarfin mannewa. Idan aka zuba ruwan taki a kan ɗanyar dusa, sai ta cafke kalsiyam da maganiziyam ta saki fotashiyam da sodiyam a madadinsu. Mai reno yana ganin ya ba da cikakken abinci, amma abin da ya isa saiwa daban ne. Bugu da ƙari, yawan fotashiyam yana danne shigar waɗancan biyun cikin saiwa. Sai a ga ganyen ƙasa ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, sabon ganye kuma ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone. Maganin abin tun kafin shuka ne: a wanke dusar da ruwa mai daɗi har gishirin ya fita, a jiƙa ta cikin ruwan da aka narka takin kalsiyam naitiret ta kwana, sa'annan a ɗauraye. Wadda aka riga aka yi mata haka a masana'anta ta fi tsada, amma a ganina arhar ɗanyar ba arha ba ce.

Abu na biyu shi ne tsami. Ma'aunin pH na ruwan da ake ba tsiro a dusa ya kamata ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan wasu rijiyoyi yana da kanwa-kanwa, wadda ke taruwa a hankali ta ɗaga ma'aunin. Idan ya kai 7 ko ya haura, ƙarfe yakan daskare ta yadda saiwa ba ta iya ɗaukarsa: sabon ganye ya yi rawaya fayau, jijiyoyinsa kore kamar raga. A nan ƙarfen yana nan, hanya ce ta toshe, kuma gyaran ruwan shi ne magani, ba ƙarin taki ba.

Abu na uku, taruwar gishiri. A zafin watan Maris da Afrilu tsiro yana shan ruwa fiye da yadda yake cin taki, ragowar takin sai ya taru. Bakin ganye ya ƙone, tsiro ya yi yaushi da rana alhali dusar na jiƙe. Wannan yana kama da rashin fotashiyam, wanda kuwa ya ƙara taki a kan haka ya ƙarasa shukar. Ana bambancewa ne da ɗan ma'aunin gishiri mai kama da alƙalami: a tari ruwan da ya tsiyayo daga gindin jaka a gwada, a kwatanta da wanda aka zuba. In na ƙasa ya fi na sama nesa ba kusa ba, a wanke dusar da ruwa mai ɗan taki kaɗan. A kullum kuma a riƙa zuba ruwa har wajen kashi ɗaya cikin biyar ya tsiyaye.

Ruɓewar gindin tumatir, wato baƙin tabon nan da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir, ta shafi mai rumfa da mai fadama baki ɗaya. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, don haka feshin magani ɓarnar kuɗi ne. Kalsiyam tana tafiya ne tare da ruwan da ganye ke fitarwa ta tururi. Ganye yana fitar da ruwa da yawa, 'ya'ya kuwa kaɗan, saboda haka duk lokacin da ruwa ya yanke, 'ya'yan ne ke fara rasa rabonsu, musamman can ƙarshensu. Ban-ruwa a kan kari, ba yau ambaliya gobe ƙishi ba, ya fi kowane magani. A kula kuma kada a haɗa takin kalsiyam da mai salfa ko mai fosfaras a mazubi ɗaya suna da kauri, domin za su haɗu su kwanta a gindi kamar alli.

Gwajin da ɗalibi zai iya yi

Ido yana da iyaka. Tsiro yana iya rasa wani kaso na amfaninsa tun alama ba ta fito ba, kuma idan yunwa biyu suka haɗu siffarsu takan rikice. Gwajin ƙasa a ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ko na Jami'ar Bayero, shi ne mafi inganci. Akwai kuma hanyar tambayar gonar kanta. A shekarun 2015 da 2016 masana daga Jami'ar Bayero da cibiyar IITA sun yi irin wannan gwaji a gonakin manoman masara a Kano da Kaduna da Katsina, har da Tudun Wada da Doguwa. Sun samu cewa naitirojin da fosfaras su ne suka fi tauye amfani a yawancin gonaki, amma gona da gona sun bambanta ƙwarai wajen amsa taki.

Ga yadda ake yi. A ware komai biyar a gefen gona, kowanne taku biyar tsawo da faɗi, a shuka iri ɗaya a rana ɗaya. Na farko a ba shi yuriya da sufa da takin fotash duka. Na biyu a hana shi yuriya, na uku a hana shi sufa, na huɗu a hana shi fotash, na biyar kada a ba shi komai. Takin kamfa ba zai yi wannan aiki ba, tun da ukun a haɗe suke cikinsa. A tuna cewa komin da aka hana wa sufa ya rasa salfa ma, don haka a lura ko shunayya ce ta fito ko kwaɗewar sabon ganye. A yi kunya mai tsayi tsakanin komai da komai don kada ruwa ya kwashe takin wannan ya kai wa wancan, a riƙa rubuta abin da aka gani kowane mako daga mako na uku, da kaka kuma a auna hatsin kowane komi daban bayan ya bushe.