Ruwa Ya Datse Hanya, Magani Ya Ƙare

Tambaya: Likita, maigidana ya yi wata biyar yana shan maganin ciwon damuwa da aka rubuta masa a asibiti. Da ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu a yankin Auyo, sai maganin ya ƙare, shi kuma ya ce ai ya warke, ba sai an sake sayowa ba. Kwana uku da dainawa ya fara jiri da tashin zuciya, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa. Mun yi maganin maleriya, shiru. Surukata ta ce iska ce. Ina mafita?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Sai an duba shi za a tabbatar, amma abin da kika lissafa ya yi kama da abin da ke biyo bayan yanke irin wannan magani farat ɗaya. Wata da watanni ƙwaƙwalwa tana aiki tare da shi har ta saba. Rana guda aka zare, dole ta rikice kafin ta daidaita. Alamun kan fito cikin kwana 2 zuwa 5: jiri, tashin zuciya, zufa, ciwon gaɓoɓi kamar na masassara, munanan mafarkai, saurin fushi. Wani zai ce miki yana juya ido sai ya ji kamar lantarki ya fizge shi a cikin kai. Wannan takan sa a garzaya wajen mai ruƙiyya, alhali likitoci sun daɗe da saninta. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 ko 7 da suka daina maganin na gamuwa da wannan. Faroksetin da benlafaksin sun fi kawo shi, don suna saurin barin jiki. Fuloksetin yana daɗewa a jini, nasa da sauƙi. Amitiriptilin, wanda ake samu a kemis da arha, shi ma yana yi.

Kada a ce ya kamu da jaraba irin ta masu shan tiramol. Babu ƙawar ƙwaya a nan, babu neman ƙari don a bugu.

Abin yi yau shi ne a kira wanda ya rubuta maganin, ko a kai maigidan Babban Asibitin Haɗejia da katinsa da kwalin maganin, ko da fanko ne. A ƙasarmu ta fadama da sauro, gwajin maleriya ba laifi ba ne, amma ki faɗa wa likita ranar da ya sha ƙwaya ta ƙarshe tun kafin a tambaye ki. Sau da yawa wannan magana guda ce ke raba mutum da allurai da ƙarin ruwa na banza. Idan ba a daɗe da yankewa ba, likita kan mayar da shi kan maganin, alamun su kwanta cikin 'yan kwanaki. Idan an ɗau lokaci, kada ya koma kan tsohon adadi da kansa, kada kuma ya haɗa biyu don rama na baya. Amitiriptilin idan ya yi yawa yana taɓa bugun zuciya, har kisa yana yi. Ki adana shi inda yara ba sa kaiwa.

Batun «ai na warke» kuwa, ban yarda ba tukuna. Sauƙin da ya ji aikin maganin ne. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji garau, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita, mako 4 ko fiye, wani ma watanni. Wahalar yankewa takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu, ko da yake wasu takan ja musu. Abin da na fi tsoro shi ne komowar ciwon kansa, wanda ke lallaɓowa bayan makonni: ƙin shiga mutane, ƙin abinci, barin gona. Manomin da ruwa ya shanye wa shinkafa, ga bashin taki a wuya, ba lokacin janye masa magani ba ne.

Mutanen Auyo da Guri da Kiri Kasamma ba sa bukatar a tuna musu da ambaliyar 2020 da ta 2022. Kowa ya san Agusta da Satumba kogi na iya raba ƙauye da gari. Yadda kuke ɗaga hatsi zuwa tudu kafin ruwa ya iso, haka za ku roƙi likita tun a Yuli ya duba yiwuwar ba da na wata biyu, a ƙulle a leda, ya zauna a hannunki. A karɓi lambar wayar ma'aikacin asibiti. Idan kuɗi ne matsalar, a faɗa ba kunya, ana iya neman mai sauƙin farashi. Azumi ma ba ya sa a daina: yawancinsu sau ɗaya ake sha, likita zai mayar da shi bayan buɗa-baki ko sahur.

Addu'a da ruƙiyya ba sa faɗa da magani, ki lallashi surukarki a haɗa duka. Amma in kika ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya kwana biyu ba barci yana surutu ba ƙaƙƙautawa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira ruwa ya janye. A sa shi a kwale-kwale a fito Haɗejia. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano.