Wasan Da Ba Shi Da Alƙali

A nan Nassarawa ta Kano Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya kafa makarantarsa a 1909, har yanzu kuwa gidansa na ƙasa yana nan tsaye. Daga wannan tushe makarantun Gwamnati na Arewa suka yi rassa, har aka kai ga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horon malamai. An mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce yau a ke kira Kwalejin Barewa. Mu da mu ke koyon aikin malanta gadon mutanen nan mu ke ci, sabo da haka ba laifi mu dubi wani abu da su ke yi da la'asar in an tashi daga aji, abin da ba a jarraba kowa a kansa, amma ya shiga halinsu.

Abin nan shi ne wasan tamaular bango da a ke kira fayif. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda yara su kan tsaya gindin matakalar majami'ar makarantar suna bugun tamaula da hannu tana dukan bango tana komowa. Malamai Turawa suka kawo shi ƙasarmu cikin shekarun 1920, ya kama ƙasa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. A Ingila da 'yar tamaula mai tauri a ke yi, a sa safar hannu, a nan kuwa aka koma ga tamaular tanis. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a kansa, bai kuwa bar shi ba ko bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Da sunansa a ke gasar Kofin Sardauna.

Ga yadda a ke yi. Mutum huɗu ne, biyu suna karawa da biyu, cikin wani ɗaki mai bango uku, ba shi da bangon baya. A hagu akwai wani ɗan gini da ya kutso cikin fili, ga kuma tudu kamar dokin ƙofa ya raba daɓen biyu, sabo da haka tamaula in ta bugi ɗayansu sai ta karkace inda ba a zata ba. Wajibi ne a mai da ita bango kafin ta taɓa ƙasa sau biyu, a kuma buge ta bugu sosai, ba a riƙe ta ba a ɗebe ta. Waɗanda suka riga kai goma sha biyu su suka ci. Wani abin mamaki, mai jefa tamaular fari sai ya jefa ta yadda abokin gabansa ya ke so, in ba ta yi masa ba ya ƙyale ta a sake jefawa. Tun daga bugun fari ke nan an koya wa yaro kyautata wa wanda ya ke neman kada shi.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauko zancen nan shi ne, wasan nan ba shi da alƙali. Ba mai busa usur. In tamaula ta taɓa ƙasa sau biyu kafin hannunka ya kai, sau da yawa ba wanda ya gani sosai sai kai da ka sunkuya kanta, kai ne kuma za ka buɗe baki ka ce ta faɗi, ka ba da ci a kanka. In ka tare wa abokin gaba hanya, ko da ba da gangan ba, kai za ka ce masa a sake. In an yi shakka duka huɗun, sai a sake, ba gardama.

Kada a ce wannan baƙon abu ne gare mu. Duk wanda ya yi langa da farin wata ya san wanda ya saki ƙafarsa ya mutu, ko an gan shi ko ba a gan shi ba, yaron da ya saba saki ya sake kamawa a ɓoye kuwa, ba a daɗewa sai ya rasa mai ɗaukarsa cikin ƙungiya. Ƙwallon ƙafa ma da haka ya faro a Ingila, shugabannin 'yan wasa na kowane gefe su ke sasanta abin da ya taso. Sai a 1891 aka shigo da alƙali tsakiyar fili da cikakken iko, a shekaran nan kuma aka ƙago bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 1970 aka shigo da katin gargaɗi da jan kati a gasar duniya ta Meziko, a ta Rasha kuma ta 2018 aka ƙara waɗansu alƙalai masu duban hoto a na'ura. Alƙalai sun yawaita, amma wa zai ce faɗuwar ƙarya da zagin alƙali sun ragu?

To, yaro ba ya ƙago halin nan shi kaɗai, daga bakin fili ya ke ɗaukarsa. Mun taɓa ganin wani abu a wata makaranta, wanda har yanzu mu kan tuna. Yara ƙanana ne ke karawa, saura ci ɗaya a tashi, sai wani ya kai hannu ƙasa ya ɗago tamaula, 'yan kallo suka ɗau tafi. Yaron ya tsaya, ya ce, "Malam, ta taɓa sau biyu." Aka ba abokan gabansu, suka ci. Uban yaron yana nan bakin fili, sai ya daka masa tsawa gaban jama'a, ya ce, "Kai wane irin wawa ne? Wa ya tambaye ka?" Yaro ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Ba mu ce mutumin nan mugu ne ba, son ɗansa ne ya rufe masa ido. Amma a cikin kalma tara ya koya wa ɗansa cewa gaskiya sai an tambaya a ke faɗinta, wannan karatu kuwa ba a fili zai tsaya ba, zai bi yaron kasuwa da ofis da gaban shari'a. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da malamin ya yi ran nan ya isa koyi. Bai ce wa uban kome ba gaban mutane, don kada ya kunyata babba gaban ɗansa, ya gyara ɓarna da wata ɓarna. Sai da aka watse ya je ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo in yi maka barka ne, yau ɗanka ya yi abin da manya da yawa ba su iyawa." Wanshekare kuma ya ba yaron riƙon mabuɗin akwatin kayan wasa.

Mu malamai ma ba mu kuɓuta ba, watakila ma laifinmu ya fi na iyaye, don mu mun san doka. Malamin da ya rage shekarun ƙato ya sa shi cikin ƙananan yara don makarantarsa ta ɗau kofi, kowane yaro cikin ƙungiyar ya san an yi ƙarya, ya kuma san wanda ya yi ta. Da wane baki malamin nan zai tsaya a aji ya hana satar amsa? Haka wanda ya bar yaro mai rauni zaune shekara guda bai taɓa tamaula ba don tsoron kada a ci shi, ko wanda ya zagi alƙali yara suna ji. Hedimasta ya kan so kofi bisa teburinsa, mun sani, mu ma muna so. Sai dai ba kofi iyaye suka damƙa mana amana ba.

Sabo da haka muna ba 'yan'uwanmu da za su fita koyarwa shawara su jarraba wannan, ko a makarantar da ba ta da bangon fayif. Ran da a ke wasan gida, ba na gasa ba, malam ya sa usur cikin aljihu, ya koma gindin itace, ya ce wa yara kowa ya faɗi laifinsa da bakinsa. Makon fari za a sha gardama, wataƙila har a ci kwalar juna, kada ya tashi sai ya ga abin zai kai ga rauni. In an tashi, waɗanda aka ci su fara miƙa hannu, waɗanda suka ci kuma su tattara kaya su kai wa abokan karawarsu ruwa. Ran da za a gayyaci iyaye kuwa, a shimfiɗa musu tabarma a inuwa nesa kaɗan da fili, malam ya je ya gaishe su tun ba a fara ba, ya gaya musu dokar wasan da dalilin da ya sa yau ba za su ji usur ba.