Takardar Haraji Ta Zo Bayan Mai Gida Ya Rasu

Abin yakan faru haka a garuruwanmu. An yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmin zaure, sai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da takarda mai sunan marigayi, ana bin sa harajin gida na shekara huɗu. Babban ɗa ya karɓa rai a ɓace, ya ce, "Wanda kuke bi yana maƙabarta, sai ku je can." Ƙaninsa kuwa, don gudun abin kunya a gaban maƙwabta, ya shiga laluben aljihu. Dukansu biyu sun yi kuskure.

A fara sanin abin da ake nema. Haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a Kano a 1979, a kan mutum da shanunsa suke. Wannan kuwa a kan gini yake, ginin kuma yana nan tsaye. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje don sa musu haraji bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar shaidar mallaka ke biyan gwamnatin jiha, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye amana a hannun gwamna. Kowanne da ofishinsa, don haka duba kan takardar ka ga wa ya aiko.

To, wa zai biya? Abin da ya taru tun marigayi yana da rai bashi ne a kan dukiyar da ya bari. Malamai sun koya mana jerin: kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Ke nan daga dukiyar za a cire kafin a raba. Ba a ɗora shi a kan babban ɗa don kawai shi ne babba, balle a kan gwauruwar da ke cikin takaba. Abin da ya hau bayan rasuwa kuwa, magada ne za su ɗauka, kowa gwargwadon rabonsa. Wanda ya biya daga aljihunsa ya rubuta, ya sa shaidu, don a mayar masa ranar rabo. Zumunci da yawa ya lalace a kan irin wannan kuɗi da ba a rubuta ba.

Amma kada a biya sai an bincika. Buɗe adakar marigayi. Dattawan da suna da adana. Za ka iya tarar da rasidai a ɗaure da roba ƙarƙashin takardun gona, wasu sun yi ja don tsufa, kuma shekara biyu daga cikin huɗun nan an riga an biya. Sannan ka duba ƙiyasin: an rubuta gidan ƙasa a matsayin na bulo? An ƙirga shago a inda zaure ne kurum?

In ka ga kuskure, tsayawa cacar baki da ɗan aike a ƙofar gida ɓata yawu ne, shi ba ya iya rage ko kwabo. Rubuta takardar ƙorafi zuwa ga shugaban sashen haraji, ka haɗa da kwafin rasidai da takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ka riƙe na asali a gida. A buga maka hatimi a kwafinka, da kwanan wata. In takardarsu ta yanka wa'adi, kada ka bari ya wuce. Mai unguwa yana iya shaida cewa shagon nan bai taɓa wanzuwa ba. In an ƙi sauraronka, kotu tana nan. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu a hannu ya "kashe maganar", sallame shi. Kuɗin da ba rasidi, baɗi za a sake neman sa.

Ya kai mai karatu, da zarar alƙali ya gama rabon gado ya ba ku takarda, ku kai ta ofishin haraji da na filaye a sauya suna, kada takardar baɗi ta sake zuwa da sunan marigayi.