Kafin Ka Kira Mai Gyaran Wuta

Wutar da ake sha a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta. Shi ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. Taransfoma da falwaya da mita aikin kamfani ne. Idan matsalar a can take, ofishinsu za ka je. Kada ka biya wani yaro ya hau falwaya, kada kuma ka yarda a zagaye maka mita, domin laifi ne a doka. Daga mita zuwa cikin ɗaki kuwa naka ne, kuma nan ne aikin mai gyaran wuta.

Ba duk mai yawo da filaya da abin gwada wuta a aljihu ne gwani ba. Tambayi maƙwabta wa ya yi musu aiki, kuma shekara nawa aikin ya yi bai ba da matsala ba. In da hali, je ka gani da idonka. Tambaye shi wurin wa ya koya. Akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Canza ƙwan fitila ba ya bukatar takarda. Amma wayarin ɗin sabon gida, a nemi mai ita.

Ku yi jinga tun kafin ya taɓa bango. A rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a gaban shaida. Ka ba da kafin alƙalami, sauran sai an kunna komai ka gani. Ka karanta takardar da kanka, ka ƙirga soket nawa aka rubuta, nawa aka sa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen waya, domin da zarar an yi shafe, babu mai sake ganin ta. Waya kauri-kauri ce, kuma ana rubuta lambar a jikinta. Mai lamba 1.5 ta fitila ce da fanka. Mai 2.5 ta soket ce. Na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwan wanka suna son 4 ko sama da haka, a kan layinsu su kaɗai. Idan aka ɗora wa siririyar waya babban kaya, zafi za ta yi, robar ta narke a cikin bango ko a saman silin, kana barci. Sannan akwai jabu. Waya ta gari jan ƙarfe ce ciki da waje. Ta jabu kuwa sanholo ce aka shafa mata ja. Tun a shago, fere bakinta, ka kankare da wuƙa. In fari ya bayyana, ajiye musu abarsu. Araha ba ta ado.

Idan mai gyara ya ce, “Maigida, bar wayar ƙasa, ƙarin kuɗi ne kawai,” ka ce masa, “A'a Malam, a sa ta.” Ita ce mai launin kore da ruwan ɗorawa. Ana haɗa ta da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, don in wuta ta zubo a jikin firji ko dutsen guga ta bi ta can, ba ta jikin matarka ko ɗanka ba. A ƙasar Gumel sai an ƙara kula, saboda ƙasarmu rairayi ce, kuma busasshen rairayi ba ya jan wuta sosai. A kafa sandar da zurfi, a wurin da ba ya rabuwa da danshi.

Mutane kan tambaya: me ya sa bireka ke yawan faɗuwa? Ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. Ko kaya sun yi wa layin yawa, ko wayoyi sun haɗu a wani wuri. Cire kayan, ka ɗaga ta sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, kira mai gyara. Haka fiyus: in ya ƙone, a sa irinsa. Masu ɗaura masa waya mai kauri don kada ya sake ƙonewa, gidan suka miƙa wa wuta a madadinsa.

Soket ɗaya fa, kaya nawa zai ɗauka? Wutarmu bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuma bai wuce amfiya 13 ba, wato wat 3,000 ko kusa da haka. Dutsen guga shi kaɗai yakan ci 1,000 ko fiye. Haɗa shi da hita a kan 'yar ƙaramar wayar ƙari, ka ji ƙaurin roba. Da hunturu aka fi ganin wannan: a tsoma hita a bokiti, a ɗauke wuta, a manta, a kawo ta tsakar dare. In an ɗauke wuta, zare hita da dutsen guga nan take. Kayan da ke shigowa ta Maigatari daga Nijar kuma, da yawa filoginsu ƙafa biyu ne masu zagaye. Kada a tura tsinke a soket don su shiga, a canza musu kai.

Mai janareta ko sola da inbata, dole a sa masa makunnin sauya layi. In babu shi, wutarka na iya komawa kan layin kamfani ta kama ma'aikacin da ke bisa falwaya, shi kuwa yana zaton an ɗauke. Janareta kuma a waje ake kunna shi, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa.

Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe babban makunnin gida. In ya yi nisa, ture wayar da busasshiyar sanda, kana tsaye a busasshen wuri. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiya lau, domin wuta takan taɓa zuciya. Gobarar lantarki kuwa ba a zuba mata ruwa sai an kashe layin, yashi ake watsa mata. Yau ɗin nan ka nuna wa uwargida da manyan yara inda babban makunnin yake, kowa ya gwada kashe shi da hannunsa.