Igiyar Waya ko ta Roba: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Da damina motar rangadi takan kafe a rafi, sai a jawo ta da winci, watau injin nan mai naɗe igiya da ke gaban mota. Igiyarsa iri biyu ce.

Ta waya tana jure yashi da zafin ranar ƙasar Katsina, amma tana yin tsatsa, silinta kuma yana yankan hannu. Babban aibinta kuwa, in ta tsinke takan yi bulala, ta karya ƙafa, wani lokaci har ta yi kisa. Ta roba, irin su Dyneema, nauyinta misalin kashi 1 cikin 7 ne na waya, in ta tsinke kuma dukanta bai kai haka ba. Sai dai yashi yana cinta, rana tana kashe ƙarfinta. Lalle a riƙa wanke ta, a rufe.

A ganinmu ta roba ta fi, gama talakawa sukan taru inda mota ta kafe. Tsawon igiyar yakan kai ƙafa 100, watau biyun hasumiyar Gobarau. Ko wace iri ce, Hakimi ya sa dogari ya janye jama'a, tun ba yara ba, nesa fiye da haka kafin a fara ja.