Zaɓen Hedifon Mai Rage Hayaniya

Hedifon marar waya mai rage hayaniya yana ɗauke da ƙananan makirufo da ke jin ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da sauti kishiyarta, su kashe juna. Dabarar ta fi tasiri kan ƙara mai ɗorewa, kamar rurin janareta ko injin jirgin sama. Muryoyin mutane da hon ɗin mota kuwa sukan ratsa.

Daɗin sauti ya danganta da yadda Bluetooth ke isar da shi. Tsarin LDAC na Sony ya fi SBC ɗaukar bayanai, amma iPhone ba ta aiki da shi, AAC take amfani da shi. Don haka a duba wayar kafin a saya. Matashin kunnen ma ya rufe kunne ruf, in ba haka ba sautin ganga yakan raunana.

Wajen kuɗi, a lura da batiri: Sony WH-1000XM5, wanda ya fito a 2022, yana kai awa 30. A fifita wanda ake iya sauya matashinsa, kuma a guji jabu.

Don kare lafiyar kunne kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako suna sauraro a ƙarfin desibel 80.