Yadda Ake Tsaftace Goruna da Kayan Haɗa Zoɓo da Kunun Aya

Idan gorar zoɓo ta kumbura, ko kunun aya ya yi tsami kafin la'asar, galibi zafin rana ake ɗora wa laifi. Zafi yana da nasa kason, amma abin da ya riga shi shiga gorar shi ne yis da sauran ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna cin sukari, su fitar da iska da tsami, yis kuma har da ɗan barasa. Louis Pasteur na Faransa ya nuna haka a shekarun 1860, lokacin da yake binciken abin da ke lalata giyar inabi. Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka suna da ƙa'idar da ta dace da ke, uwargida, ko da kuwa ba sana'arku ɗaya ba: duk abin da zai taɓa abin sha bayan an sauke shi daga wuta, sai an kashe masa ƙwayoyin cuta. Wanki kaɗai ba ya yin wannan aikin.

Fara da tantance gorunan. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin ƙwari, a jefar, babu wankin da zai gyara ta. Haka wadda cikinta ya karce ko ya yi dishi-dishi. Sababbi sun fi, in jari ya kai.

Sai wanki da ruwan ɗumi da sabulu. Ki sa dogon buroshi ya kai gindin gora, sannan ki bi zaren bakinta da cikin murfin, domin nan ne ragowar zaƙi ke maƙalewa ya yi baƙi. Bokiti da jarka na roba, soso mai laushi kawai. Soson ƙarfe yana barin ƙananan karce, dauɗa ta samu wurin ɓuya. Ki ɗauraye har kumfa ya ƙare. Kada ki tsallake wannan mataki don kin dogara da maganin kulorin da za a jiƙa kayan a ciki daga baya, domin maiƙo da dauɗa suna cinye ƙarfin kulorin kafin ya isa ga ƙwayoyin.

Yanzu kashe ƙwayoyin, kuma hanya biyu ce.

Abin da ke jure zafi, a tafasa shi. Ludayin ƙarfe, rariya, kwalaben gilashi da ƙyallen tata su nutse cikin ruwa yana tafasa na minti 10. Kwalba a sa ta tun ruwan yana sanyi, su ɗau zafi tare, in ba haka ba ta fashe. Ƙyallen tata ya fi kowa buƙatar wannan. Sau da yawa za ki ga an tace kunu da shi, an matse, an rataye a bakin taga da danshinsa, gobe a sake ɗauko shi. In kin shinshina shi kin ji tsami-tsami, to wannan tsamin ne zai koma cikin kunun gobe.

Gorar roba kuwa ba ta son tafasasshen ruwa, nan take za ta motse ta lanƙwashe. Ita sai ruwan kulorin, wato Hypo ko Jik, marar turare. Duba jikin robar: in ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, cokalin shayi ɗaya ya isa lita ɗaya ta ruwa, wato kusan cokalin cin abinci 3 a lita 10. Ruwan ya zama mai sanyi kuma mai tsabta, domin zafi yana kore kulorin. Ki nutsar da goruna su cika har baki, kada iska ta tsaya a ciki, tare da murafu, mazurari da bokitin haɗi. Ki bar su minti 10. Ba a buƙatar ƙara yawan maganin, yin hakan yana ƙara wari. A haɗa sabo kullum, na jiya ya riga ya yi rauni.

Hattara biyu a nan. Kada kulorin ya haɗu da abu mai tsami, ko lemon tsami, ko ruwan tsamiya, ko ragowar zoɓon kansa, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji. Sannan kada a jiƙa tukunyar alminiyom ko ta silba a ciki, yana cin ƙarfe. Tukunya ai wuta ta riga ta yi mata aiki.

Ɗauraya ta ƙarshe ita ce inda wahalar mutane da yawa ke tafiya a banza. An kashe ƙwayoyi tas, sai a ɗebo ruwan randa ko na 'yan garuwa a ɗauraye, a mayar da abin da aka kora. Ki yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce a rufe. Kuma ki ɗauraye sosai, don ragowar kulorin yana ba abin sha ɗanɗanon magani, wanda ko citta da kanumfari ba sa rufe shi.

Ki kife gorunan a kwando mai tsabta su tsane da kansu. Ban da tsumma, ban da hura iska da baki. In sun tsane ba a zuba komai ba, a rufe su da murafunsu. Ya fi kyau a yi wannan aikin dab da lokacin ɗurawa, ba tun daren jiya ba.

Lokacin ɗurawa, ki wanke hannu da sabulu, kada yatsa ya shiga bakin gora ko cikin murfi. Ruwan da za a ƙara wa zoɓo bayan dahuwa ya zama tafasasshe, ƙanƙara kuma a jera ta a wajen goruna cikin kula, ba a jefa ta cikin bokiti ba. Kunun aya, da yake ba a dafa shi, ko kayansa sun yi tsabta yana buƙatar sanyi tun daga tata, kuma a ƙarar da shi a ranar.